Malam na zaure daban, Malam na cikin gida daban

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, tsofaffin ɗaliban Malam, maigidana, su huɗu suka zo gaishe shi. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa ina jiyo su a zaure, dariya kawai ke tashi. Muryarsa ta fi ta kowa fita, yana ba su labarin kuɗin Udoji, ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, da aka biya su a 1975, yadda ya je Sabon Gari ya sayo keke Rale sabo fil ya turo shi da hannu har gida dan kar taya ta yi datti. Daga nan ya shiga labarin shekarar da aka fara karatun firamare kyauta, 1976, yara sama da 80 a aji ɗaya, wasu a ƙarƙashin dalbejiya. Komai daki-daki, har sunan hedimastan da ya fara aiki a ƙarƙashinsa. Da za su tafi ɗayansu ya leƙo yace min "Mama, Malam fa yana nan garau, wallahi ya fi mu tuna abubuwa." Nace Alhamdulillahi, a gaida gida.

Ko minti 10 ba a yi ba ya shigo, ledar lemon da suka kawo masa tana hannunsa, ya zauna a kan tabarma yace min "Hajiya mutane sun daina zumunci, yau Juma'a guda ko mutum ɗaya bai zo inda nake ba." Nace to wannan lemon fa Malam? Ya dubi ledar, ya dube ni, sai fuskarsa ta canza, yace in daina raina masa hankali. Daga nan har isha'i bai ƙara cewa komai ba sai tambaya ɗaya, wai me yasa ban ba shi abinci ba tun safe. Ya ci sau biyu.

Shekara 40 kenan da aurenmu, tun 1985, a nan Zariya. Ya yi shekara 35 yana koyarwa kafin ya yi ritaya. Mutum ne da in ya ga yaro sau ɗaya a aji ya riƙe sunansa da na ubansa da unguwarsu. Yanzu shekara ta huɗu muke ciki da wannan lalura, mu gigin tsufa muke ce mata, likita kuma yace dimenshiya. Mantuwar na da wahala, amma wallahi abin da ya fi ci min rai a shekaru biyun farko shi ne ni kaɗai nake ganinta. Duk wanda ya zo sai ya tarar da Malam ɗin da ya sani.

Na daɗe ina tunanin yadda yake yi, har na gane cewa gaisuwarmu ta Hausa ita ce babbar rigar da ke rufa masa asiri. Ku duba fa. Ina wuni, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya, ya iyali, ya yara, ya aiki, ya muka ji da zafi, madalla, Allah ya yi albarka. Mutum zai iya yin minti 5 cur yana wannan ba tare da ya san wanda ke gabansa ba. Ba ka buƙatar suna. Namiji babba Alhaji ne, matashi "yarona" ne ko "ɗan gari", mace Hajiya ce ko "'yata". In aka ce masa "Baba ka gane ni kuwa?" sai ya yi dariya yace "haba, yau na fara ganinka?" shikenan mutum ya ji daɗi ya tafi. In aka tambaye shi wani abu na kwanan nan sai ya juyo yace "tambayi Hajiya, ita ce mai lissafin gidan nan", kowa ya ɗauka raha ce. Abin da ya yi shekara 70 yana maimaitawa kullum ba ya gushewa da wuri, ya zauna daram a wani wuri da ciwon bai kai ba tukuna. Sabon abu ne ba ya kamuwa, kamar ka zuba ruwa a kwando.

Haka ma sallah. A masallaci ba wanda zai ce wani abu na damunsa, tunda bin liman yake, in an yi ruku'u ya yi, in an ɗago ya ɗago. A gida ne in ya tayar shi kaɗai zaka ga azahar ta zama raka'a 6 ko 2, ya sallame ya tambaye ni ko an yi la'asar, ya sake alwala ya sake yi. Amma karatun kam yana nan, izu biyu na ƙasa ba ya tuntuɓe ko kaɗan. Da farko nakan gyara masa, sai ya zama faɗa. Wani malami da na tambaya yace min in ƙyale shi, an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe, kuma ya karanta min ayar nan ta 70 a Suratun Nahli da ke maganar wanda ake mayarwa zuwa mafi raunin shekaru har ya zama bai san komai ba bayan da ya sani. Na sha karanta ayar a baya ina wucewa. Ranar ban iya riƙe kukana ba.

Akwai kuma wani abu da sai daga baya na yarda da shi, ni ma da hannuna a ciki. In na ji sallama nakan riga shi zuwa ƙofa in ɗaga murya ince "Malam, ga ɗan wajen ƙanwarka na Kaduna ya zo", to kunga na ba shi amsa tun kafin a yi tambaya. Ni ke fito masa da babbar riga da hula mai kyau in fesa masa turare, alhali da safe sai mun yi awa guda ina lallashi kafin ya yarda ya yi wanka. In ya fara maimaita labari karo na biyu sai in aika da shayi a katse zancen. Haka aka tarbiyyantar da mu, mace ita ce rufin asirin mijinta, kuma har yau ba na nadamar kare masa mutunci. Sai dai wannan rufin shi ya zo ya zama hujja a kaina, dan ranar da na buɗe baki na gaya wa danginsa ba wanda ya yarda.

Yayansa na fara samu. Nace Yaya, Malam fa ba shi da lafiya, mantuwar ta wuce ta tsufa. Yace to zai zo ya gani. Ya zo bayan la'asar suka yi awa ɗaya suna hirar gonar mahaifinsu da shekarar fari ta 1973, ya fito yace min "ke dai ki ji tsoron Allah, wannan mutumin ne kike cewa ya ruɗe?" Daga ranar magana ta fara yawo a dangi. Wasu suka ce so nake in mallake kuɗin fanshonsa da takardun gida. Wasu suka ce in ma akwai wani abu to ni na yi masa. Abin da ya ƙara rura wutar shi ne shi kansa Malam yana kai ƙarata, kuma cikin natsuwa yake faɗa, da hujja, kamar yadda ya saba magana. Yace ina ɗauke masa kuɗi a aljihu. Yace na ɓoye masa katin ATM. Katin kam na ɓoye, bayan ya sa lambar sirri ba daidai ba har an toshe shi sau biyu, kuma wani mai POS ya kira ɗanmu yace Baba ya zo cire kuɗi sau uku a yini ɗaya yana cewa bai karɓa ba.

Lokacin canjin kuɗi, farkon 2023, shi ne mafi muni. Kowa ya san wahalar da aka sha, to ku ƙara da mutumin da duk safiya sai an sake gaya masa an canza 200 da 500 da 1,000. In na ba shi sabuwar takarda sai yace jabu ce, na karɓe masa na gaske na musanya. Tsofaffin kuma ya ɓoye su, ana ta maganar wa'adi muna ta nema, sai bayan wata biyu na same su a cikin safa a ƙasan buhun gero. Amma a wannan watan ne fa ya zauna da maƙwabta a ƙofar gida yana ba su tarihin yadda aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo a 1973, suna jinjina masa.

Hatta a asibiti haka ya yi. Zuwanmu na farko, likitan ya tambaye shi me ke damunsa yace "lafiyata ƙalau likita, Hajiya ce dai ta matsa", ya juye zuwa Turanci mai kyau irin na malaman da, suka yi hira, aka auna jini aka ce a ci gaba da maganin hawan jini, a rage gishiri. Ba a yi minti 10 ba. Ni kuma ban iya buɗe baki in ƙaryata mijina a gabansa a gaban baƙo ba, harshena ya yi nauyi. Ban ga laifin likitan sosai ba, layi ne har waje, kuma abin da ya gani shi ya rubuta.

'Yarmu ta biyu ce ta kawo dabara, tace Mama ki riƙa rubutawa. Na sayi littafi mai fallaye 40 irin na 'yan makaranta, duk abin da ya faru in sa rana da lokaci. Ranar kaza ya sa takalmi a firji. Ranar kaza ya tashi ƙarfe 2 na dare ya sa kaya wai zai makara a makaranta. Ranar kaza ya fita sallar magariba a masallacin da ke bayan gidanmu sai a Ƙofar Doka wani mai adaidaita da ya taɓa koyarwa ya gan shi ya dawo da shi, kuma a hanya yace wa yaron ziyara ya je. Da muka samu ganin likitan ƙwaƙwalwa sai na miƙa littafin ga nas tun kafin mu shiga. Wannan likitar ba ta tsaya a gaisuwa ba. Ta faɗi kalmomi uku tace ya riƙe, suka yi wata magana, bayan 'yan mintoci tace ya maimaita, ko ɗaya bai kawo ba, har cewa ya yi ba ta gaya masa komai ba. Ta tambaye shi wace shekara muke, yace ai kowa ya san wannan, ya yi dariya, tace eh amma ya faɗa mata. Ya yi shiru. Sai ta ba shi takarda da biro tace ya zana agogo ya sa lambobi. Mutumin da ya koya wa dubban yara karanta agogo, ya tara lambobin duka a gefe guda, ya tsaya a 8, biron na rawa a hannunsa. Ya ɗago ya dube ni irin kallon da yaro ke yi wa uwarsa in an tsare shi. Na yi shekara biyu ina addu'ar wani ya ga abin da nake gani, ranar da aka gani kuma ji na yi kamar ni na kai shi aka tozarta shi.

An yi gwajin jini dan a tabbatar ba ƙarancin bitamin B12 ba ne ko matsalar maƙoƙo, tunda waɗannan na iya kawo ruɗewa kuma ana warkewa. An yi hoton kai. Tace akwai alamar Alzaima, wani nau'in dimenshiya, akwai kuma ɓarnar da hawan jini na shekaru ya yi wa ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, biyun suna haɗuwa a mutum ɗaya. Ta sa shi a kan wani magani, donepezil, ta gaya min gaskiya cewa ba ya warkarwa, yana ɗan taimakawa ne na wani lokaci. Na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina, nace likita da gangan yake yi ne? Ya za a yi ya iya da baƙi ya kasa da ni? Tace ba da gangan ba ne, kuma ba ni kaɗai ba ce, masu jinya da yawa da wannan kukan suke zuwa mata. Baƙo na tayar da mutum, sai ya tattaro duk ɗan abin da ya rage masa ya riƙe na rabin awa ko awa, kamar wanda ya ɗauki buhu ya gudu da shi ɗan gajeren zango, in baƙon ya tafi sai ya zube, kuma a gaban wanda ya fi sakin jiki da shi zai zube. Ta ƙara da cewa ciwon kansa na hana mutum sanin yana da ciwo, dan haka in yace lafiyarsa ƙalau ba ƙarya yake ba, haka yake ji.

Wannan bayani ya sauke min wani dutse, dan a da har na fara ƙullatarsa. Sai nake ganin ya ajiye fara'arsa ga mutanen waje ya bar min zargi da faɗa. Kuma na lura da gaskiyarta, duk ranar da aka yi baƙi da yawa to daren ranar ba barci. Dama shi ciwon da yamma yake tashi, daga an fara kiran magariba sai ya fara kai da komo, ya ce zai tafi gida alhali yana cikin gidan da ya gina da kansa, ya nemi mahaifiyarsa da ta rasu tun 1991. To ku haɗa wannan da abin da aka saba faɗa mana cewa almuru lokacin iskokai ne, ba mamaki maƙwabciyata ta dage sai an yi ruƙiyya. Ban hana addu'a ba, kullum ina tofa masa, amma hayaƙi da ihu a kunne na hana, dan sau ɗaya da aka gwada kwana biyu ya yi a firgice.

'Yar tamu ce dai ke karanto min abubuwa a intanet. Ita ta gaya min Hukumar Lafiya ta Duniya tace mutum sama da miliyan 55 ke da wannan lalura a duniya, duk shekara ana samun ƙarin kusan miliyan 10, kuma sama da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe irin namu suke, ba ciwon Turawa ba ne kamar yadda wani ɗan uwan Malam ya gaya min. Wai kuma kashi 70 cikin 100 na lokacin jinyar mata ne ke yi. Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne labarin matar da likitan nan Bajamushe, Alois Alzheimer, wanda ciwon Alzaima ya samo suna daga gare shi, ya fara bayani a kanta a 1906. Shekararta 51 lokacin da aka kai ta asibiti a Frankfurt, kuma cikin alamunta na farko har da zargin mijinta da cin amana. Ashe tun daga farko wanda ke kusa shi ke shan zargi. Na yi ta tunanin wannan mijin, ko shi ma danginta sun ce shi ya ja mata.

Dangin Malam ba littafina ne ya sa suka yarda ba, ba kuma takardar asibiti ba, yayansa cewa ya yi likitoci komai suna da sunan da za su ba shi. Ƙanwarsa ce, gwaggon yara, wadda ta fi kowa zafi a kaina, ta zo biki bara da damina ruwa ya tsare ta ta kwana, washegari ma nace ta ƙara kwana. Da gangan na ja jikina, ban gabatar da kowa ba, ban katse labari ba. Yinin farko ya yi ƙoƙari sosai. Zuwa dare ya ba ta labarin keken Rale sau huɗu. Yamma ta biyu muna zaune mu uku a tsakar gida, ya matso kusa da ni ya rage murya, amma tana ji, yace "Hajiya, wannan baƙuwar taki yaushe za ta tafi, ba ta da gida ne?" Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, shi ya yi mata walicci. Ba ta ce komai ba ta tashi ta shiga ɗaki. Can cikin dare da ya tashi yana jijjiga ƙofa zai tafi makaranta, na fito na same ta tsaye a bakin ɗakinta tana kallon yadda nake ce masa yau Asabar ce Malam, ba makaranta, zo ka sha kunu. Da asuba ta riƙe hannuna tace "Yaya, ki yafe min, shekara nawa kina cikin wannan ke kaɗai?" Tun ina amarya rabon da ta kira ni Yaya.

Shi yasa duk wanda yace min ana cewa mahaifinsa ko mahaifiyarsa ta ruɗe amma shi bai gani ba, abu ɗaya nake gaya masa, ziyarar bayan la'asar ba ta nuna komai, ka je ka kwana biyu. Kar ka je kana yi masa jarrabawa da "ka gane ni", cutarwa ce, ka faɗi sunanka da kanka ka zauna. Kuma in matarsa ko mijinta ko 'yar da ke jinya ta gaya maka abu, ka yarda da ita ko da idonka ya nuna maka akasin haka, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yayansa har yau rabi da rabi yake, yakan ce ai jiya na gan shi ras. Na daina jayayya. Gwaggon yara dai tana zuwa duk ƙarshen wata ta yi kwana uku, a waɗannan kwanakin ne nake barci mai sunan barci. Baƙi kuma mun tsara, da hantsi, mutum biyu ko uku, kar a wuce rabin awa, kuma na daina jin haushi in sun fito suna cewa yana nan garau, dan na ga yadda fuskarsa ke haske in ana ce masa Malam ana saurarensa. Wannan rabin awar tasa ce, ni zan biya kuɗinta da daddare, na yarda.

Kwanan nan kuma wani sabon abu ya fara. Shekaranjiya da safe na kai masa koko da ƙosai, ya gyara zama, ya gyara hula, yace "sannu da zuwa Hajiya, ina kwana, ya iyali, ya maigidan?" Da murmushin nan nasa na zaure, wanda yake yi wa baƙi. Na tsaya da kofin a hannuna. Nace lafiya lau, maigidan yana gaishe ka. Yace madalla, Allah ya yi albarka, ya karɓi kokon da hannu biyu.